Rilen hitata yana ƙonewa duk wata, in koma SSR ne?

"Assalamu alaikum Injiniya, dan Allah inada tambaya. Na haɗa wani akwatin dumama da nake busar da ƙarafunan da nayi wa fenti, hitar ciki wat 2000 ce a wutar bolt 230, akwai kontirola mai kula da zafi ita ke kunna wani rile mai amfiya 10. Matsalar itace duk bayan wata ɗaya ko sati biyar sai rilen ya ƙone ko ya manne, yanzu guda huɗu kenan na canza. Ina jinsa yana ƙas-ƙas kamar duk sakan 10, kuma awa 8 nake aiki a rana. Wani abokina yace in sa SSR, wai shi baya lalacewa har abada. Shin gaskiya ne? Meye bambancinsu? Kuma in hakane zan iya sa shi a injin jan ruwa da layin solata duka in huta?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ji daɗin yadda ka kawo tambayar da lissafinta, don da yawa cewa kawai suke "rile yana ƙonewa" basa faɗin lodin, balle sau nawa yake kunnawa, alhali amsar a nan take. In na fahimceka abu uku kake son sani, me yake cinye maka rile, shin SSR, wato rilen da babu abin da ke motsi a cikinsa, zai magance, sannan ko zaka iya watsa shi ko'ina harda injin ruwa da sola. Abokinka yayi gaskiya a rabi, a hitar nan taka SSR shine daidai, amma zancen baya lalacewa wannan kam a'a, yana lalacewa, kuma yadda yake mutuwa yafi na rilen ƙarfe haɗari. Injin ruwa da sola kuwa ka dakata tukuna, zan zo kansu.

Rile dai makunni ne da wuta ke dannawa maimakon yatsa. Ƴar ƙaramar wuta a gefe ɗaya tana kunna babbar wuta a ɗaya gefen, kuma gefen biyu basa taɓa juna, wannan rabuwar ita ce babban amfaninsa, shi yasa kontirolarka mai aiki da ƴan bolt take iya juya hita mai wat 2000 ba tare da bolt 230 ya shigo mata ba. Abin ya tsufa sosai, tun 1835 Joseph Henry a Amurka ya nuna yadda maganaɗisun lantarki zai ja ƙarfe ya rufe wani layin daban, masu tangaraho suka ɗauka, saƙo in yayi nisa a waya ya raunana sai rile ya karɓa ya miƙa shi gaba da sabon batir.

Wanda kake canzawa shine na ƙarfe, mai motsi. In ka fasa murfinsa zakaga kwayil, wato siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe a jikin ƙarfe, da wani ɗan ƙarfe mai lilo, da sifirin, sai kontak masu kama da ƴan kawunan ƙusa. Wuta ta shiga kwayil sai ya zama mayen ƙarfe ya fizgo mai lilon, kontak su haɗu, wannan ƙas ɗin da kake ji kenan. An ɗauke wuta sifirin ya mayar dashi. Yawanci ƙafa uku ne a gefen lodi, COM uwar layi, NO wanda yake buɗe sai an kunna, NC wanda yake rufe sai an kunna ya buɗe. Masu wayarin mota sun sanshi da lambobi, 85 da 86 kwayil, 30 shigowar wuta, 87 fita, 87a kuma shine NC.

Me yake cin kontak

Duk lokacin da kontak biyu suka rabu alhali wuta na bi ta cikinsu, wutar bata yarda ta tsaya nan take ba, sai ta tsallaka ɗan gibin a matsayin tartsatsi, irin dai abin da kake gani a bakin walda amma ƙarami. Wannan tartsatsin yana narka ɗan fuskar kontak ɗin, yana ɗebe ƙarfe daga wannan ya liƙa a wancan. Wajen rufewa ma ba lafiya lau bane, kontak ɗin basa haɗuwa su zauna sau ɗaya, sai sun ɗan yi tsalle-tsalle na ƴan milisakan kafin su natsu, kowane tsalle da ɗan tartsatsinsa. A hankali fuskar tayi ramuka tayi baƙi, in tayi baƙi sai ta riƙa hana wuta wucewa da kyau, in ta hana sai ta ɗau zafi, zafin ya ƙara ɓata ta, haka dai har wata rana ko robar jikinsa ta narke ko kontak ɗin su manne kamar an yi musu walda.

Yanzu ɗauko takardar bayanan kowane ƙaramin rile na amfiya 10 zakaga rayuwa iri biyu aka rubuta. Akwai ta motsi zalla ba lodi, yawanci sau miliyan 10. Akwai ta aiki da cikakken lodi, yawanci sau 100,000 ne kacal. Mutane na farkon suke kallo su ji daɗi, alhali na biyun ne naka. Hitarka wat 2000 in ka raba da 230 zai baka kusan amfiya 8.7, kaga ka kusa cika masa ciki. Kace duk sakan 10 yake kunnawa, sau 360 kenan a awa, a awa 8 sau 2,880. Raba 100,000 da 2,880 zaka samu kwana 34 da ɗoriya. Sati biyar ɗin da ka faɗa kenan cif. Wato rilenka ba jabu bane kuma wayarin ɗinka ba lallai yana da laifi ba, ya yi iya kwanakin da aka ɗibar masa ne ya tafi, ko ka sayo na biyar haka zai yi.

Akwai hanya mai sauƙi da zaka iya gwadawa yau kafin ka sayi komai. Yawancin kontirolar zafi suna da wurin saita tsawon zagayen kunnawa da kashewa, in mai fitar da rile ce ana barinsa sakan 20 zuwa 30 ko sama. In ka maida shi 30 ka ninka rayuwar rilen sau uku. Sannan maimakon ƙaramin rilen ya ɗauki hitar da kansa, ka sa ya kunna kwayil ɗin kontakta, wato babban rilen ƙarfe na manyan lodi, mai amfiya 20 ko 25, ita ta ɗauki lodin, don kontak ɗinta manya ne kuma rabin ƙarfinta ma bazaka ci ba. Wannan zai kaika nesa, amma zafin akwatin zai riƙa ɗan hawa da sauka, kuma dai ƙarshenta itama zata ci kanta.

SSR kuma fa

SSR rile ne da babu abin da ke motsi a cikinsa, ba kwayil ba sifirin ba kontak. A gefen shiga akwai ɗan ƙaramin LED a rufe cikin roba, in ka bashi wuta, yawanci ko nawa ne daga bolt 3 zuwa 32 DC, wato wuta irin ta batir, da ƴan miliamfiya kamar 10 zuwa 15, sai ya haska wani abu mai jin haske a ɗaya gefen, shi kuma ya tada babban makunnin. Kaga hasken ne ya maye gurbin maganaɗisu, kuma shi ya raba gefen biyu, rabuwar da ake gwadawa da bolt 2,500 zuwa 4,000 a masu kyau. Babban makunnin in na AC ne, wato wuta irin ta gida, tirayak ne ko SCR biyu da aka haɗa kai da ƙafa, in na DC ne yawanci MOSFET. Dangin tiransista ne duka, ita tiransistar a 1947 aka ƙirƙiro ta a Bell Labs, SCR ya shigo kasuwa ƙarshen shekarun 1950 ta hannun General Electric, shi SSR a dunƙule yadda muka sanshi sai farkon shekarun 1970.

Tunda babu kontak babu tartsatsi, babu tsalle, babu ƙara, babu abin da ke gogewa. Ko duk sakan ɗaya zai kunna shekara da shekaru baya gajiya da yawan kunnawar. Girgiza bata dameshi, ƙura bata dameshi. Ita ƙazantar nan tsohuwar abokiyar gabar rilen ƙarfe ce, a watan Satumba 1947 masu aiki da kwamfutar Mark II ta jami'ar Harvard, wadda da rile take lissafi, sun tarar da wani ƙwaro ya maƙale tsakanin kontak ɗin rile ɗaya ya hana aiki, suka ciro shi suka manna a littafin aikinsu. Har yau in na buɗe fanel a wuri mai ƙura ko tururin fenti irin naka, kontak nake fara dubawa. Kuma tunda fenti kake busarwa, rashin tartsatsin nan ba ƙaramin abu bane, tururin tina da tartsatsi basa zama ɗaki ɗaya, duk da haka fanel ɗin ya zauna a waje nesa da tururin ko wane iri ka sa.

Yawancin SSR na hita irin wanda yake jiran wuta ta zo sifili ne kafin ya kunna. Wutar AC mai 50Hz tana ratsa sifili sau 100 a sakan, shi sai ya jira wannan gaɓar, jiran da baya wuce milisakan 10, ya kunna a lokacin da babu bolt a kansa, don haka babu fizga babu hayaniyar da ke shiga rediyo ko ta rikita sensa. Da wannan zaka iya maida zagayen kontirolarka sakan 1 ko 2, zakaga zafin ya tsaya cak a inda ka saita, abin da rilen ƙarfe bazai taɓa baka ba.

Toh amma ga inda abokinka bai faɗa maka ba, kuma nan nake so ka tsaya ka karanta da kyau.

Na farko zafi. Kontak ɗin ƙarfe mai lafiya in ya rufe kusan kamar waya ce, a amfiya 8.7 bai fi ya ɓata wat ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Tirayak kuwa ko a kunne yake sai ya riƙe wajen bolt 1 zuwa 1.5 a jikinsa, don haka mu a aiki muna ƙiyasta wat 1 zuwa 1.5 na zafi a kowace amfiya ɗaya. Naka zai fitar da wat 9 zuwa 13 kenan, a cikin abu ɗan ƙarami kamar akwatin ashana. Kar ka raina wat 10, in babu inda zai fita taruwa yake, kuma ƙwayar tirayak ɗin da ke ciki in ta haura wajen digiri 125 ta tafi. Wannan lambar 25A ko 40A da ka gani a fuskarsa da sharaɗi aka rubuta ta, sai an ɗaura shi a kan hitsink, wato ƙarfen alminiyam mai haƙarƙari da ke shan zafi, da farin man nan na zafi a tsakani siriri, kuma iska na ratsawa. In ba hitsink amfiya kaɗan zai iya ɗauka, biyar ma da ƙyar. Na sha zuwa a ce min SSR baida kyau, in duba in tarar an ɗaure shi da sukurori a jikin katako ko roba, ko a cikin akwati rufaffe ruf an manna shi da bangon tanderun kansa. Ka sa haƙarƙarin hitsink ɗin a tsaye yadda iska mai zafi zata hau ta fita, ka huda akwatin sama da ƙasa, in wurin akwai zafi ka ƙara ƴar fanka. Bayan awa ɗaya da fara aiki, ka kashe wuta daga bireka ka taɓa hitsink ɗin, in baka iya barin hannunka a kai toh yayi ƙarami.

Na biyu, kuma shine ya fi damuna, yadda yake mutuwa. Rilen ƙarfe yakan manne wani lokaci kamar yadda ka gani, amma sau da yawa yana baka alama tukuna, ƙararsa ta canza, yayi wari, ko ya daina kawo wuta. SSR in zai mutu yawanci a kunne yake mutuwa, ƙwayar ta narke ta zama kamar waya, shiru ba ƙas ba wari. Kontirola tana cewa kashe, fitilarta ta mutu, ƴar fitilar jikin SSR ɗin ma ta mutu, amma hita na ci gaba da ja da cikakken ƙarfi. Na taɓa zuwa duba wani tanderu da haka ta faru, mai shi ya bar kaya a ciki ya fita da tabbacin kontirola na kula, ya dawo ya tarar wayoyin ciki sun soye, Allah ne ya kiyaye ba'a yi gobara ba. Tun daga nan bana haɗa SSR da hita ba tare da mai gadi ba. Mai gadin kuwa rilen ƙarfe ne, wato kontakta a gaban SSR a layi ɗaya, kwayil ɗinta yana bi ta wani tamostat na daban mai yankewa in zafi ya wuce iyaka, wanda baya dogara da kontirolar ko sensarta, kuma in ya yanke sai an zo an danna da hannu kafin ya dawo. Kontaktar sau ɗaya zata kunna da safe ta kashe da yamma, kaga bazata gaji ba, SSR yayi ta aikin kunna-kashe, kowa an bashi aikin da ya iya.

Na uku, a kashe ma ba'a kashe yake ɗari bisa ɗari ba. Akwai ƴar wuta da ke zurara ta jikinsa, ƴan miliamfiya, musamman ta ɗan kafasita da rizista da ake sawa a ciki don kare tirayak. Hita bazata ji wannan ba, amma sa ƙwan LED kaga yana ɗan haske ko yana ƙyafta ido bayan an kashe, kuma in ka ɗora mita a wayar da babu lodi zata iya nuna maka kusan cikakken bolt. Dan Allah kar ka taɓa sa hannu a wayar hita don kawai SSR yana kashe. Bireka zaka sauke, ka gwada da mita, sannan ka taɓa. Rilen ƙarfe in ya buɗe iska ce tsakanin kontak, shi wannan babu gibin komai.

Sai rauninsa wajen fizgar wuta. Kontak ɗin ƙarfe yana iya shanye ɗan wuce gona da iri na ɗan lokaci, ƙwayar SSR kuwa in aka samu shot a hita cikin ƙiftawar ido take tafiya, tun bireka bata farka ba. Akwai fiyus na musamman masu saurin yankewa da ake yi don kare irin waɗannan ƙwayoyin, in ka samu ka sa, in baka samu ba ka sani bireka wayarka take karewa, ba SSR ba. Hawan bolt na tsawa ko na dawowar wuta shima yana huda shi, shi yasa muke ɗaura barista, wannan ɗan faifan mai kama da kwabo da ake kira MOV, a ƙafafunsa biyu na lodi.

Wani abu kuma da ya zama ruwan dare shine na jabu. Na fasa wani da aka rubuta 40A a fuskarsa bayan ya mutu, tirayak ɗin da na tarar a ciki na amfiya 16 ne, kuma ko manne shi da farantin ƙasan ba'a yi da kyau ba. Ka saya a hannun wanda ka yarda dashi, ka nemi takardar bayanansa ka duba zanen da ke nuna amfiya nawa yake ɗauka a zafi kaza. A hitarka ni 25A na gaske zan sa, in kuma ina shakkar asalinsa in hau 40A, amma ka riƙe cewa girman lamba baya rage zafin da zai fitar sosai, hitsink dole ne ko na nawa ka saya.

Kafin ka saya ka leƙa jikin kontirolarka. Wasu fitarsu kontak ɗin rile ne, wasu kuma suna fitar da bolt 12 DC na musamman don SSR, wasu suna da duka biyun ka zaɓa a saiti. In taka mai rile ce kawai, zaka iya bi da ƴar wutar DC ta cikin kontak ɗin zuwa SSR, zai yi aiki kuma kontak ɗin zai daɗe tunda ba lodi a kansa, sai dai bazaka iya saukar da zagayen zuwa sakan 1 ba don har yanzu akwai mai motsi a hanya. In da hali ka canza kontirolar zuwa mai fitar SSR. Ka kula da + da - a gefen shiga, in ka juya bazai kunna ba. Kuma ka ɗaure sukurorin gefen lodi tam da kan waya mai kyau, ka sake ɗaurewa bayan sati ɗaya, sako-sakon sukuru yana ƙona SSR kamar yadda rashin hitsink ke yi.

Injin jan ruwa

Nan ni kontakta zan ce maka, ba ko tantama. Moto in zai tashi yana jan ninki 5 zuwa 7 na abin da yake ci in yana gudu, kuma in aka yanke masa wuta yana mayar da harbi. Ana iya yi da SSR, akwai waɗanda aka yi musamman don moto, amma sai ka sayi babba ƙwarai da kariya kala-kala, kuma me zaka samu? Injin ruwa sau nawa yake kunnawa a rana, biyar, goma? Ko sau 20 ne, kunnawa 100,000 zai kaika sama da shekara 13. Matsalar da SSR ke magancewa babu ita a nan, sai dai ka ɗauko zafinsa da haɗarin ya mutu a kunne tanki yayi ta ambaliya ko injin yayi ta gudu ba ruwa. Ka duba lambar AC-3 a jikin kontakta, ita ce ta moto, AC-1 ta hita ce kuma kullum tafi girma, mutane suna ruɗewa su ɗauki ta AC-1 su ɗora wa moto. Ka haɗa da obalod, wato mai yanke wuta in moto ya ja fiye da ƙima, a ƙasanta ka saita daidai da amfiyar da ke rubuce a farantin moton.

Irin wannan gargaɗin ya shafi taransifoma. Shi SSR mai jiran sifili da yake alheri ga hita, ga taransifoma shine mafi munin lokacin kunnawa, don a nan ne take fizgar wuta mafi yawa. Akwai wani nau'in mai kunnawa nan take ba jira, shi ake amfani dashi a irin wannan da kuma inda ake rage hasken fitila ko ƙarfin hita ta hanyar yanka igiyar wutar.

Layin sola

Wannan ne wurin da kuskure yafi tsada, don wutar DC halinta daban. Tirayak in ya kunna baya kashe kansa sai wutar da ke binsa ta sauka sifili, a AC wannan na faruwa sau 100 a sakan, a DC kuwa bata sauka. Ka sa SSR na AC a layin batir zai kunna lafiya, amma ka cire masa siginal zai ci gaba da zama a kunne har sai ka cire waya. Dole sai wanda aka rubuta DC a gefen lodinsa, mai MOSFET, kuma ka kula da + da - nasa, in lodin mai kwayil ne ko moto ka sa dayod, wato mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a kan lodin. Masu MOSFET a ƙaramin bolt suna da daɗin aiki, zafinsu ma bai kai na tirayak ba.

Rilen ƙarfe shima DC na bashi wuya saboda dalili ɗaya. Tartsatsin AC yana mutuwa da kansa in wuta ta ratsa sifili, na DC kuwa kamawa yake yayi ta ci. Shi yasa zakaga an rubuta 10A 250VAC a jikin rile, a ƙasa kuma 10A 30VDC, dubi tazarar. Ka kai wannan rilen bolt 110 DC ko amfiya ɗaya bazai iya yankewa lafiya ba. In batirinka bolt 12 ko 24 ne rilen mota mai kyau zai yi maka ƙananan lodi. Amma wayar da ta sauko daga faifan sola da aka jera a layi tana iya kai ɗaruruwan bolt, wannan ba wurin ƙaramin rile bane kuma ba wurin gwaji bane, akwai kontakta da bireka na DC da aka yi musamman, da maganaɗisu a ciki mai ture tartsatsin ya tsinke, irin wanda ake sawa a motocin lantarki. Ban ga haɗin solarka ba kuma baka faɗi bolt ɗinta ba, don haka a wannan ɓangaren ka turo min bolt da amfiyar layin da abin da kake son kunnawa, ko ka samu wanda ya ƙware a sola ya tsaya a kai.

Abu biyu ƙanana tunda batir ne. Kwayil ɗin rilen mota yana shan wajen miliamfiya 150 duk tsawon lokacin da yake riƙe, a awa 24 kusan 3.6Ah kenan daga batirinka ba tare da ya haska maka komai ba. Akwai rile mai maƙalewa, bugun wuta ɗaya ya kunna ya zauna ba ci ba sha, wani bugun ya kashe, irinsa ne a cikin mitocin lantarki masu yanke wuta da kansu. Sannan duk inda tiransista ko ƴar ƙaramar kontirola irin Arduino ke kunna kwayil na DC ka sa dayod kamar 1N4007 a juye a kan ƙafafun kwayil ɗin, in ba haka ba harbin da yake mayarwa lokacin kashewa zai kashe tiransistar.

In SSR ɗin ya zo ka gwada shi kafin ka ɗaura. Mita a wurin om bazata faɗa maka gaskiya ba kamar yadda take yi a rilen ƙarfe, inda zaka auna kwayil, ka bashi wuta kaji ƙas ka ga kontak ya haɗu. Abin da zata iya nuna maka kawai in ya riga ya mutu a kunne, zakaga ƙafafun lodi sun haɗe. Gwajin gaske shine ka haɗa shi a layi da ƙwan fitila mai zare na wat 60 ko 100, ka rufe ƙafafun wutar yadda hannu bazai kai ba, ka taɓa batir mai bolt 9 a gefen shiga, ƙwan ya kama, ka cire ya mutu. Haka kuma ranar farko da ka haɗa komai ka gwada mai gadin da gangan, ka sauke saitin tamostat ɗin kariya ƙasa da zafin akwatin kaji kontakta ta faɗi hita ta mutu, sannan ka mayar dashi ɗan sama da zafin da kake aiki dashi. Ka riƙa maimaita wannan gwajin lokaci-lokaci, ko sau ɗaya a wata.